Yadda Ake Adana Zoɓo, Kunun Aya da Wain Mara Barasa a Legas, da Kayan da Suka Cancanci Kuɗinki

Tun bayan azumin da ya wuce tambaya ɗaya ke ta dawo mini daga bakin mata, daga nan Agege har Idi-Araba da Obalende: me zan saya don abin shan da na haɗa ya daina lalacewa? Wasu har hoto suke turowa, na ɗan famfon nan da ake zuƙe iskar kwalba da shi, ko na ƙaramin firjin da Turawa ke jera kwalaben wain a ciki, suna tambaya ko zai yi wa zoɓo da kunun aya. Shi ya sa na zauna in rubuta komai daki-daki. Kuɗi ya yi wuyar samu, kuma yana yi mini ciwo in ga mace ta zuba jarinta a kan kayan da ba don abin shanmu aka ƙera su ba. Da uwargida nake magana, amma ɗan'uwa mai sayar da kayan sanyi a bakin kasuwa ma zai tsinci nasa a ciki.

1. Ki fara sanin abin da ke ɓata miki abin sha

Yawancin na'urorin adana wain da iska suke faɗa. Wain na Turawa yana da barasa da tsami da ke kare shi daga yawancin ƙwayoyin cuta, don haka babbar matsalarsa iska ce, wadda ke sauya masa ɗanɗano bayan an buɗe kwalba. Namu ba haka yake ba. Zoɓo, kunun aya, ruwan tsamiya da lemon citta ruwa ne da sukari, kuma abin da ke cin su yis ne da ƙwayoyin bakteriya da ke shiga ta hannu, ta gora, ta ruwa, ta ɓawon abarba. Shi yis ko babu iska yana aikinsa. A rufe ma ya fi saurin mayar da sukari barasa da gas.

Na gwada da kaina. Ƙanwar maigidana ta kawo mini famfon zuƙe iska tsaraba, ta ce: "Anti, wannan zai raba ki da asarar zoɓo." Na cika kwalba biyu daga tukunya ɗaya, na zuƙe iskar ɗaya, na rufe ɗayar da murfinta, na ajiye su a kan kanta. Washegari da yamma duka biyun sun yi kumfa a wuya, sun fara warin tsami.

Abin da ke ba wa waɗannan ƙwayoyi ƙarfi shi ne ɗumi. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 suke hayayyafa, mu kuwa a Legas zafin rana yana kaiwa 30 ko fiye yawancin shekara, ga laima a iska. Saboda haka aikinki uku ne: ki rage su tun farko da tsafta, ki kashe su da wuta, ki hana ragowar motsi da sanyi. Duk kayan da ba ya yin ɗaya daga cikin ukun nan, kada ki ba shi sisinki.

2. Ki yi lissafin asara da na wuta kafin ki je kasuwa

Ki ɗauki biro mako ɗaya. Gora nawa kike zubarwa, nawa ce kuɗin kayan da suka shiga cikinta, nawa kike kashewa a ƙanƙara kullum? Ki ninka da huɗu, ki ga asarar wata. Idan gora biyu ce a mako, matsalarki ta tsafta ce da yawan haɗi, ba sai kin sayi inji ba. Idan kuwa kuɗin ƙanƙara na wata ya haura abin da firiza zai ci na wuta, to lokacin sayensa ya yi.

Sai ki duba rasit ɗin mita ki ga rukunin layinku, ko Ikeja Electric ne ko Eko. Rukunin A an yi masa alkawarin wutar awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, kafin ya koma 209.5 a watan Yuli. A wannan farashin, firizan da ke cin yunit ɗaya a rana zai ci kusan naira 6,300 a wata. Ki saka farashin da ke kan rasit ɗinki ki fitar da naki.

Gargaɗi: kada ki gina lissafi a kan janareta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kunna inji don gorunan zoɓo kaɗai yana cinye ribar gaba ɗaya.

3. Gora da kwalba

A nan mafi yawan mata ke faɗuwa, kuma a nan ne gyara ya fi araha. Gorar da aka tsinto daga wajen biki ko aka sayo a hannun masu tara robobi ba ta wankuwa yadda kike zato. Zaren bakinta da cikin murfinta suna riƙe dauɗa, kuma ba za ki iya tafasa ta ba, domin robar ruwan gora tana lanƙwashewa tun kafin ruwa ya kai ga tafasa. In za ki sayar, ki sayi sababbin goruna masu murfin da ba a taɓa karya zobensa ba, a dozin ko a buhu, ki saka kuɗinsu cikin farashin kowace gora.

Na gida kuwa, kwalbar gilashi ta fi. Kwalaben wain mara barasa da ake zubarwa bayan biki, masu murfin murɗawa, kyauta ce da mutane ba su san darajarta ba. Ki wanke su da sabulu da buroshi mai dogon hannu, ki shimfiɗa tsumma a gindin babbar tukunya, ki jera su, ki zuba ruwa ya rufe su tun yana sanyi, ki bari su tafasa minti 10. Mazurari da ludayi da abin tata su ma su shiga tukunyar. Ki kife su su tsane da kansu.

Kuskuren da nake yawan gani: a gama tafasa kwalba, sai a ɗauko tsumman kicin a goge cikinta. Aiki ya koma baya ke nan.

4. Zoɓo, tsamiya da citta: a ɗura da zafi

Waɗannan su ne masu sauƙi, musamman zoɓo da tsamiya, saboda tsaminsu yana taimaka miki. Sai dai jerin aikin yana da muhimmanci ƙwarai.

Ki ɗauraye zoɓon da sauri don ƙasa ta fita. Ki dafa shi tare da citta, kanumfari da ɓawon abarbar da kika wanke sosai. Ki tace. Yanzu ki zuba sukari, da ruwan abarba in kina so, da duk ruwan da za ki ƙara, sannan ki mayar kan wuta ya sake tafasa. Wannan tafasa ta biyu ita ce mata ke tsallakewa. Sai su sauke, su bar shi ya huce a buɗe, su sirka da ruwan rijiya ko na tanki, su markaɗa ɗanyar abarba da kokwamba su juye. Duk abin da wuta ta kashe an dawo da sabonsa, an kuma haɗa masa da sukari.

Haka ta faru da ni ranar sunan ɗan maƙwabciyata. Mun haɗa da daddare, muka ɗura goruna sittin, aka ɗauke wuta wajen ƙarfe ɗaya. Kafin azahar gorunan sun yi tauri kamar an hura su, gindinsu ya turo waje har ba sa iya tsayuwa a kan tire. Da na murɗa murfin ɗaya, sai ya yi tsalle, jan ruwa ya wanke mini gaban atamfa. Haka muka juye su duka a kwata, muna kallon kuɗin sukari na tafiya.

In kwalbar gilashi ce, ki ɗura yana da zafinsa, kwalbar ma tana da ɗumi don kada ta tsage. Ki bar tazarar yatsa biyu a sama, ki rufe nan take, ki kwantar da ita minti biyu don zafin ya taɓa cikin murfi. In gorar roba ce, ki rufe tukunyar, ki tsoma ta cikin baho mai ruwan sanyi, kina sauya ruwan har ta huce, sannan ki ɗura. Kada abin sha ya wuce awa biyu a waje bayan ya huce.

Dabarar da ta fi cece ni ita ce dafa zoɓo mai kauri sosai babu sukari, in daskarar da shi a ƙananan robobi. Ranar sha sai in fito da ɗaya, in sirka da tafasasshen ruwa, in sa zaƙi. Wurin da gora ashirin za ta ci, roba huɗu ta wadatar.

A kula: kada zoɓo ya kwana a tukunyar alminiyam. Tsaminsa yana cin ƙarfen, ɗanɗano ya sauya.

5. Kunun aya nasa daban ne

Kunun aya ba shi da tsamin da zai kare shi, ga sitaci da mai da zaƙi, ga ita ayar a ƙasa take girma. Ba kuma a tafasa shi bayan an tace, domin da zafi ya haura digiri 70 sitacin zai kama, ya koma kamar koko. To tunda wuta ba za ta taimaka a ƙarshe ba, dole a yi amfani da ita a farko.

Ki tsince ayar, ki fitar da tsakuwa da ruɓaɓɓu, ki wanke har ruwa ya fito fes. In busasshiya ce daga kasuwar Mile 12 za ta so jiƙo na dare guda. Ki sa jiƙon a firji, in babu ki riƙa sauya ruwa, don a zafin garin nan tun a cikin jiƙo take fara tsami. Kafin markaɗe ki tsoma ta a tafasasshen ruwa minti ɗaya zuwa biyu, haka dabino da kwakwa. Ki markaɗa a blenda ta gida. Injin markaɗen bakin layi, wanda ya niƙa wake da tattasai tun asuba, shi ne mafarin lalacewar kunun aya da yawa. Ruwan tata ya zama wanda aka tafasa ya huce, in so samu mai sanyi. Daga tata sai gora, daga gora sai firji.

A firji mai sanyi na gaske kwana biyu ne zuwa uku. Wanda zai wuce haka ya tafi firiza tun ranar farko. In ya narke zai rabu biyu, ki girgiza, ba lalacewa ba ce.

Wannan mataki ya wuce zancen riba. A watan Yunin 2024, lokacin ɓarkewar kwalara a Legas, jami'an lafiya na jihar sun ce da yawa daga cikin waɗanda suka kamu a yankin Eti-Osa sun sha wani kunun aya mara rajista. Masu sana'a da ba su ji ba ba su gani ba sun rasa ciniki a lokacin. Ruwan da kika tace da shi amana ne a wuyanki.

6. Sanyi: nan ne kuɗi ya kamata ya tafi

Abu na farko da za ki saya shi ne mafi ƙanƙanta: ma'aunin sanyi na firji. Ki rataya shi a ciki. Firji ya tsaya a digiri 4 ko ƙasa da haka, firiza kuma 18 ƙasa da sifili. Firji da yawa fitila ce kawai ke ci a cikinsu, sanyin yana wajen 10, mai shi ba ta sani ba.

Tsakanin firji da firiza na kwance, ga mai zama a layin da wuta ke wasa, firiza ya fi nesa ba kusa ba. Firji in aka ɗauke wuta kusan awa 4 yake riƙe sanyi, in ba a buɗe ba. Firiza cikakke yana kaiwa awa 48, mai rabi kuma awa 24. Murfinsa ta sama yake, sanyi ba ya zubowa in an buɗe. Saboda haka kada ki bar shi da sarari. Ki cike gurbin da gorunan ruwa, su daskare su zame miki ƙanƙarar kyauta.

In za ki saya a kasuwar Alaba International ko wani wuri, ki juya bayan injin ki karanta takardar da ke manne. Akwai harafin da ke nuna yanayin da aka ƙera shi dominsa. T yana jure zafin ɗaki har digiri 43, ST har 38, amma N da SN iyakarsu 32. Tokunbo, wato na hannu, da yawa daga Turai N ne ko SN, shi ya sa suke ta gurnani a kicin ɗinmu ba sa hutawa. Ki duba kuma ya zama na wutar 220 zuwa 240, domin na Amurka 110 zuwa 120 ne. A takardar ko a littafinsa za ki ga yunit (kWh) nawa yake ci a shekara, ki raba da 365 ki koma lissafin mataki na 2. In na hannu ne, a kunna shi a gabanki ki jira ki taɓa sanyin da hannunki. Ki maƙale takardar kuɗi a bakin murfin ki ja. In ta zare ba tare da turjiya ba, robar bakin ta mutu. Araha ba ta ado.

Bayan an kawo shi gida ki bar shi a tsaye wasu awanni kafin ki jona. Ki saya masa ɗan abin kariyar nan da ke jinkirta wuta na mintuna bayan an kawo ta, domin ɗaukewa da dawowa nan take ita ke kashe kwamfireso.

Gargaɗi: ruwa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari in ya daskare. Ki bar sarari a gorar roba, kwalbar gilashi kuwa kada ta shiga firiza.

Wadda ba ta kai ga firiza ba tukuna, kula mai kauri da ƙanƙarar bulo sun ishe ta yini. Ki sanyaya kular da ƙanƙara tun kafin ki jera goruna, ki ɗora wata ƙanƙarar a sama tunda sanyi ƙasa yake sauka, ki ajiye ta a inuwa. Ƙanƙarar kasuwa a wajen gora take aiki, kada ta shiga cikin abin sha, ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba.

7. Na'urorin wain: wanne zai yi miki amfani

Yanzu ga hotunan da ake turo mini.

Famfon zuƙe iska, irin na Vacu Vin da aka fara yi a Holan a 1986, kuɗinsa a waje ba ya wuce dala 15 zuwa 20. Ga zoɓo da kunun aya ba shi da amfani. Ga wain mara barasa mai gas, irin su Eva da Veleta da Pure Heaven da ake cika teburan biki da su, ɓarna ma yake yi, domin gas ɗin da kike son tsarewa shi yake zuƙewa.

Coravin kuwa, na Amurka da ya fito a 2013, allura ce ke huda toshiyar kwalba, ta tura gas ɗin argon a maimakon abin da aka tsiyaya. Farashinsa yana iya haura dala 300, ban da 'yan tulunan gas da za ki yi ta saye. An yi shi ne don masu kwalabe masu tsadar gaske. Kuɗinsa in an juya shi naira ya fi kyau ya tafi ga firiza.

Ƙaramin firjin wain ma haka. An tsara shi ya tsaya a sanyi mai laushi, wajen digiri 12, wasu kuma ba sa sauka ƙasa da 5 ko an ƙure su. Wannan sanyin bai isa ya tsayar da kunun aya ba.

Guda ɗaya ne nake cewa a saya: murfin matsewa mai fukafukai biyu da ke kama wuyan kwalba, wanda aka yi don kwalabe masu gas. Shi ne mafi araha a cikinsu, kuma ga kwalbar da toshiyarta ba ta komawa in an cire, yana riƙe gas kwana biyu zuwa uku a firji. In kwalbar mai murfin murɗawa ce, ko shi ba kya buƙata. Ki murɗe da ƙarfi da zarar kin tsiyaya, ki tsayar da ita a firji. Cokalin da wasu ke zurawa a bakin kwalba ba ya tsare komai.

Tunda zance ya zo nan, in kin je sari a Oke-Arin ki karanta jikin kwalba da kyau. Ki nemi lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, ki kuma nemi inda aka rubuta 0.0%. Akwai waɗanda asalinsu giya ce aka cire barasar, kuma akan bar ragowar da ta kai 0.5% a ciki.

8. Sinadarin hana lalacewa

Masu sana'a suna tambaya a kan sodiyam benzowet da ake saye a kasuwar sinadarai ta Ojota. A abin sha mai tsami kaɗai yake aiki, kamar zoɓo da tsamiya. A kunun aya asarar kuɗi ce. Iyakar da ake bi a lemon kwalba a ƙasar nan miligiram 250 ce a kowane kilo, wato kusan giram 5 a jarka mai lita 20. Wannan awo sai da ƙaramin sikeli na lantarki, ba a yin sa da cokali ko da ƙiyasin ido. Kada ki haɗa shi da garin bitamin C, domin haɗuwarsu a cikin zafi tana iya haifar da sinadarin benzin mai cutarwa. Wadda ta kai matsayin sa sinadari da manna takarda a gora, ta kai matsayin neman rajistar NAFDAC. Na shan gida kuwa ba ya buƙatarsa sam.

9. Rubuta rana, ki kuma san lokacin zubarwa

Ki manna ɗan salatif a kowace gora ki rubuta ranar haɗi, na baya ya riga fita. A wajena zoɓon da aka ɗura da zafi yana kai mako a firji mai kyau, wanda aka ɗura da sanyi kwana uku zuwa huɗu. Kwalbar da aka kafa wa baki a shanye ta a ranar.

Kafin ki miƙa wa kowa, ki matsa gorar. In ta yi tauri, ko ta yi tsaki da kika buɗe, ko kumfa ta taru a wuya, ko ya yi yauƙi, ko ya fara cizon harshe, ko kin ga farin fumfuna a sama, ki zubar. Kada ki ƙara sukari don ɓoye tsami, kada ki haɗa da sabo, kada kuma ki sake tafasawa ki mayar gora. Abin da ya yi gas ya fara zama barasa, kuma mun san a hadisin Ibn Abbas cewa jiƙon zabibin da ake yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya wuce yammacin rana ta uku.

In an ɗauke wuta da daddare, da safe ki fara duba ma'auni kafin ki taɓa komai. Wanda ke firiza kuma har yanzu da ƙanƙara a jikinsa lafiya lau ne. Kunun ayar da ke firji, in allura ta haura digiri 5 kuma an ɗauki awanni a haka, kada ya kai bakin yaro.